Bayin da Makau Ya Kamo

A shekarar 2022, sa'ad da malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin nan da ya ci wata takwas, tun daga Fabrairu har Oktoba, ɗalibai suka watse, kowa ya nemi abin da zai rage zaman kashe wando da shi. Daga cikinsu akwai wani ɗalibin Hausa ɗan aji biyu, wanda ya koma gida Kaduna, ya riƙa zama a rumfar baffansa cikin Babbar Kasuwa, watau wadda aka sa wa sunan Shaihu Abubakar Gumi bayan rasuwar malamin. Baffan nan atamfa da shadda yake sayarwa. Aikin ɗalibin kuwa bai wuce ya sauko da turmi ya warware, ya auna yadi, in mai saye ya taya ya wuce ya sake ninkewa ya mayar kan kanta ba. Daga hantsi zuwa azahar ba ya samun damar ko zama, amma in la'asar ta yi sanyi, ƙafa ta ɗauke, sai ya tarar da kansa shi kaɗai da tunaninsa. Tunanin kuwa guda ɗaya ne duk tsawon daminar nan.

Akwai wata yarinya da ya daɗe yana nema, har manya sun shiga maganar, an kai gaisuwa an karɓa. Daga nan iyayenta suka ce za su yi bincike, kamar yadda aka saba. Bayan mako uku ɗan aike ya zo wa baffan da jawabi, ya yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe dai ya ce yaro ba shi da aibu, an yaba da addininsa da karatunsa, sai dai an bi salsala an ga ta je ta tsaya a rinji, saboda haka a ɗan dakata. Duk wanda ya san Bahaushe ya san abin da “a dakata” take nufi a irin wannan wuri.

Ran nan ne ɗalibin ya fara jin abin da manyan gidansu suka sani suka yi shiru. Abin kuwa bai taka kara ya karya ba wajen yawa. Kakar mahaifinsa kamo ta aka yi tana 'yar ƙarama, ko famfara ba ta fara ba, a wani hari da aka kai gab da zuwan Turawa. Ta tashi a wani rinji cikin ƙasar Zazzau, watau irin ƙauyen nan da ake tara bayi su yi wa ubangijinsu noma, aka sa mata suna irin wanda ake laƙaba wa bayi, aka aurar da ita ga wani bawa ɗan'uwanta. Ɗan da ta haifa ya faɗo cikin dokar Turawa ta 1901, wadda ta ce duk wanda aka haifa daga ranar 1 ga Afrilun wannan shekara ɗa ne, ba mai ikon mallakarsa. To amma doka daban, bakin mutane daban. A ƙauyen da ya tashi bacucane yake har ya yi gemu. Saboda haka ya tattara ya yi Kaduna leburancin reluwe, daga baya ya ɗauko uwarsa. Ba shi kaɗai ya yi wannan dabara ba. Kaduna gari ne da Turawa suka zana, suka maido da hedkwatar Arewa cikinsa daga Zungeru a 1917, kusan kowa a cikinsa baƙo ne, kuma a garin baƙi ba a cika tsananta tambayar “ɗan gidan wa?” ba. Iyakar abin da aka sani ke nan. Sunan ƙauyen da aka kamo ta, da sunan ubanta, da sunan da uwarta ta raɗa mata, duk sun tafi da ita kabari.

Cikin wannan hali ne wata rana ya bi ta layin masu littattafai. Akwai wani tsoho a nan da ke kasa Ƙawa'idi da Ahalari da Iziyya da Ishiriniya a gefe guda, a ɗaya gefen kuma littattafan boko na Hausa, sababbi da kwance. Idonsa ya faɗa kan *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, bango ya koɗe, da sunan wata makarantar sakandare an buga da hatimi a shafin farko. Tsohon ya ga ya daɗe yana juya shi, ya ce, “Samari, ai wannan labarin yaron da aka sace ne aka kai shi ƙasar Larabawa. Wanda duk ya karanta sai ya yi hawaye.” Ya ce, “Nawa ne, Baba?” Bai ko taya ba ya biya.

Abin kunya ne a faɗa a mujalla irin wannan, amma gaskiya ce: ya taɓa amsa tambaya a kan littafin nan a jarrabawa, ya kuma ci, alhali bai taɓa karanta shi ba. Abin da ya haddace shi ne abin da kowa ya haddace. An rubuta shi ne saboda gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin R. M. East, aka buga shi a 1934, tsaran *Ruwan Bagaja* ne da *Ganɗoki* da *Idon Matambayi* da *Jiki Magayi*, jigonsa kuwa bauta da haƙuri da ƙaddara. Da waɗannan ake cin maki. Yanzu kuwa da wata bukata ya zo. Ya tuna cewa labarin yana farawa ne da almajirai sun tambayi malaminsu asalinsa, shi kuwa tambayar da aka yi masa ke nan ya kasa amsawa. Sai ya ɗauka a ransa cewa ga littafi guda cikin harshensa wanda zai gaya masa yadda abin yake ga yaron da aka fizge daga hannun uwarsa, ko ba a ambaci kakarsa ba, ya ga inuwarta.

Littafin siriri ne, a zama biyu ya gama shi, zaune kan bandir ɗin shadda. Da farko ya ji daɗi ƙwarai. Hausar a miƙe take, ba ƙawa, ba tsalle-tsallen barkwanci irin na *Ruwan Bagaja*, magana ce ta dattijo mai natsuwa. Shaihu Umar yana zaune a Rauta ta ƙasar Bauci, ya ce shi mutumin Kagara ne, ubansa baduku, uwarsa mutuniyar Fatika. Uban ya rasu, uwar ta auri Makau, wani barde na kusa da sarki. Sai aka yi shirin kai hari. A nan ɗalibin ya gyara zama, don ya san ƙasar da Kagara take, ƙasa ce ta Kamuku da Gwarawa, wadda hare-haren neman bayi suka addaba a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin da Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora yake tashe kafin Turawa su ci shi a 1901. Mahaya suka fita, suka auka wa mutane, suka kamo wanda suka kamo, suka juyo. Ya ce a ransa, to ga ta nan, yanzu za a bi ta.

Ba a bi ta ba. Labarin ya juyo gida tare da mahayan, ya shiga fada. Abin da ya zama masifa a cikinsa shi ne ƙazafin da fadawa suka yi wa Makau, cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo bai kawo wa sarki ba. A kan wannan aka kore shi, a kan wannan ake so mai karatu ya tausaya masa, kuma mai karatu yakan tausaya ɗin, don Makau mutumin kirki ne mai gaskiya. Amma gaskiyar tasa ita ce bai rage ko mutum guda daga cikin waɗanda ya kamo ba. Mutanen da aka kamo kuwa lissafi ne kawai, nawa aka kama, nawa aka kawo, kamar yadda baffa ke ƙirga turame da yamma. Ba wanda aka faɗi sunansa, ba wanda aka ji ta bakinsa, ba a kuma sake waiwayarsu ba. Ɗalibin ya koma baya ya sake karanta shafukan, ko ya tsallake wani abu. Bai tsallake kome ba.

Ya dai ci gaba, amma da sanyin jiki. An sace Umar yana yaro, ya bi ta hannuwa har Kano, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ratsa hamada da shi zuwa Ber Kufa, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya sa shi karatu, har ya zama malami mai almajirai. Uwarsa kuwa ta fita nemansa, aka yaudare ta aka mai da ita baiwa, ta sha wahalar da ba ta faɗuwa, ba ta sake ganinsa ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ganin da ba ta daɗe bayansa ba ta cika. Nan ne wurin hawayen da tsohon ya faɗa, kuma ba shakka nan ne littafin ya fi ƙarfi. Ɗalibin ma sai da idonsa ya ciko. Amma da ya rufe littafin, abin da ya rage masa ba tausayi ba ne, wani irin ɗaci ne, irin na wanda ya je gidan biki aka yi masa maraba a zaure, aka shiga da kowa ciki aka bar shi.

In an natsu an duba, dalilin ɗacin nan a fili yake. Umar da uwarsa 'ya'ya ne, Musulmi, masu asali sananne, waɗanda bauta ta faɗa wa bisa kuskure da zalunci. Abin da littafin ke kuka a kai shi ne an bautar da wanda bai kamata a bautar ba. Wannan kuwa tsohuwar ƙara ce a ƙasar Hausa, tana cikin abubuwan da masu jihadi suka zargi sarakunan Haɓe da su tun farkon ƙarni na 19. Ƙarar tana da nauyi, amma tana ɗauke da wata magana a ƙarƙashinta, watau akwai wanda ya kamata. Wanda ya kamata ɗin nan su ne mutanen da Makau ya kamo, kuma daga cikinsu ɗalibin ya fito. Umar ya yi nisa da gida, amma bai taɓa rasa asali ba. Yana da Kagara, yana da Fatika, ya san sana'ar ubansa. Ko wane wali ya aiko bincike a kansa zai koma da amsa mai daɗi. Tambayar da aka buɗe littafin da ita an yi ta ne ga mutumin da ke da amsa.

Har ila yau akwai batun girman tauraron. Labarin tasowar yaro ne, amma da wuya a nuna wurin da yaron ya yi kokawa da zuciyarsa. Ba a ga ranar da ya yi fushi da wanda ya raba shi da ƙasarsa ba, ba a ga ranar da ya tambayi kansa ko shi wane ne tsakanin Larabawa ba. Dattijon da ke ba da labarin ya riga ya daidaita da duniya, ya shafe duk wani tabo kafin ya buɗe baki. Ga almajiran da ke gabansa wannan darasi ne na haƙuri. Ga saurayin da aka ce wa ya dakata, bai ga abin kamawa ba.

To, a nan ya kamata a yi wa marubucin adalci, ko da ɗalibin bai yi masa ba a ranar. Abubakar Tafawa Ɓalewa an haife shi a 1912, ya fito Kwalejin Katsina a 1933, watau shekarunsa ba su wuce ashirin da ɗaya ba lokacin gasar, ƙanen mai ƙorafin ne ma a shekaru. Sabon malamin Midil ne a Bauci, yana rubutu don 'yan makaranta, rubutun kuma zai bi ta hannun Bature, a ƙasar da Turawa ke mulki ta hannun sarakunan da kakanninsu suka aika mahayan. A 1934 ɗin nan akwai sauran bayi a Arewa waɗanda doka ta sani, don ba a soke bauta ɗungurungum ba sai a 1936. Shi kansa ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa Bageri ne mai hidima a gidan hakimi. Saurayi irin wannan da ya zaɓi ya rubuta kan hari da kasuwar bayi da ayarin hamada, alhali tsaransa suna ba da labarin aljannu da yaƙe-yaƙen jarumai, ba ƙaramin abu ya yi ba. Wani ma zai ce shirun da ya yi a kan waɗanda aka kamo shi ne shaidar da ta fi kowace, don ya nuna yadda fada ke ganinsu ba tare da ya ƙara gishiri ba. Ana iya karanta shi haka. Sai dai wannan karatu ne na wanda abin bai shafa ba, kuma shekaru sun shuɗe, an fassara littafin zuwa Turanci a 1967, an mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, an yi ta sa shi a jarrabawa, amma ɗalibai nawa aka taɓa tambaya ina bayin Makau suka nufa?

A 1976 ɗin nan ne kuma Alex Haley ya fitar da *Roots* a Amurka, inda ya bi salsalarsa har wani ƙauye a Gambiya. Masana tarihi sun yi ta sukar ingancin salsalar, amma ko ba kome ya tsaya ne a ɓangaren wanda aka kama, ya sa jikokin bayi suna faɗin asalinsu da ɗaga murya. A nan kuwa jikan bawa ɓoyo yake yi, don bayin ba teku aka ƙetare da yawancinsu ba, suna nan sun narke cikin jama'a, sun zama Hausawa, kuma kuɗin shigar da suka biya shi ne mantuwa. Ko Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da aka kama, ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa, an ji shi ne don ya gamu da mai alƙalami. 'Yar ƙaramar yarinya a rinji ba ta gamu da kowa ba sai turmi da taɓarya.

Kwana biyu yana kumbure, har baffan ya lura. Ran Alhamis da yamma, suna haɗa kaya, ya ce, “Kai, ɗana, wannan littafi da kake ta juyawa, bashi ya ci maka?”

Ya ce, “Baffa, na nemi Iya ne a ciki ban same ta ba.” Iya suke ce wa tsohuwar, har waɗanda ba su tarar da ita ba.

Baffan ya yi shiru, ya gama ninke atamfar da ke hannunsa, sannan ya ce, “Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Kakanka ya baro ƙauye don kada a kira mu da sunan nan, kai kuma kana nemansa da kuɗinka. Yarinya kuwa, in rabonka ce ba mai hanawa, in ba rabonka ba ce ko jikan Shehu ne kai sai ka haƙura.”

“Na ji, Baffa. Amma ku kun gan ta. Ba abin da kuka riƙe?”

Ya ce yana yaro ƙwarai ta rasu. Ya tuna tana da tsaga a fuska wadda ba ta yi kama da ta kowa a Tudun Wada ba, kuma Hausarta ras take, ba gargada, ba ta san wani harshe ba ko kuwa ba ta yarda ta sani ba. Ya sa kwaɗo a ƙofar rumfa, har sun fara tafiya, sai ya tsaya ya yi 'yar dariya. Ya ce akwai abu guda da suke yi mata tsiya a kai suna yara: ba ta taɓa ɗora kaya a ka ba. Ko tulu ne, ko itace, ko ƙwaryar tsaba, sai ta saɓa a kafaɗa ta bayan wuya. In an tambaye ta sai ta ce kanta ba na kaya ba ne.

Ɗalibin bai ce kome ba, amma gabansa ya faɗi, don ba ɗan Kaduna da bai san matan da ke ɗaukar kaya haka ba. Gwarawa ne, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, mutanen da Turawa suka tarar a wannan ƙasa kafin a kafa ko turken farko na garin. Ya san wannan ba hujja ba ce da za a kai gaban wali, ko gaban malamin tarihi. Yarinya tana iya koyon saɓa kaya wurin wata baiwa da ta rene ta. Amma duk hanyar gida yana ƙirga sau nawa ya ce wa aboki “kai bagware ne” don ya kasa gane wasa, sau nawa ya kira magana marar kan gado gwaranci, yana dariya.

Washegari Jumma'a da sassafe, kafin baffan ya iso, yana share gaban rumfa sai ga wata dattijuwa ta ratso layin, ƙatuwar ƙwarya cike da sabuwar doya a kafaɗarta, ta ɗan sunkuya, tana tafe da sauri. Ya ajiye tsintsiya ya tare ta, ya ce, “Sannu, Iya.” Ta tsaya ta amsa, tana jiran ya taya. Ya buɗe baki, ya rasa tambayar da zai yi wadda ba za ta zama hauka ba a tsakiyar kasuwa. Ta ce, “Ɗana, in ba ka saye ka ba ni hanya, kayan da nauyi.” Ya taimaka mata ta sauke, ya zaɓi saiwa uku, ya biya yadda ta faɗa. Da zai ɗora mata sai hannunsa ya nufi kanta bisa sabo, ta goce, ta juyo masa da kafaɗa.